Dokar Taushi a Kwarin Giginya

Nomau gyado ne ya kashe dajin Kwarin Giginya. An yi fari a shekarun, amma dajin ya sha ganin fari ya tashi. Maharba kuwa lokacin sun riga sun tsufa sun rataye baka. Gyado ne guda, mai hancin da ke jin ƙanshin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ya ga hanyar samun mazauni a majalisa, ya bi ta, ya tattake duk abin da ke kanta. Waɗanda suka ɗaga masa kai suna da nasu laifin, za a kuwa faɗe shi. Amma shi ya fara tono.

Dajin yana da tsarinsa tun kaka da kakanni. Giwa ke sarauta, kuma a zamanin da ake magana Sarki Barmo ne a kai, toron giwa mai shekara sittin da ɗoriya. Zaki shi ne Madaki, sunansa Korau. A ƙarƙashinsu akwai Majalisar Furfura, wadda ke zama a inuwar wata tsohuwar kuka. Ba mai shiga inuwar sai wanda ya yi furfura ko haƙoransa suka zube. Sauran dabbobi su tsaya a rana su saurara. Da can wannan bai dami kowa ba, don dattawan ba su taɓa wuce goma ba. Maharban ƙauyen da ke bakin dajin suna rage su kowane rani, tunda tsoho ne ke fara gajiya idan an tashi gudu.

Arzikin dajin giginya ce. Giwaye su ci 'ya'yan su tofar da ƙwallon, ɓauna da gwanki su kwanta a gindi, jemagu da tsuntsaye su yi gida a kai. Giginya kuwa ba ta shuka kanta inda za ta yi kyau, kurege ke shuka ta. Kowace shekara idan 'ya'ya sun gama faɗuwa, kuregu sukan gangara ƙwallayen su uku-uku zuwa fadamar gabas, su binne, su share wurin da wutsiya, su juya baya. Wannan ake kira rabon ƙasa, kuma sharaɗinsa ɗaya ne, mantuwa. Abin kunya ne kurege ya tuna inda ya binne rabon ƙasa. A cikinsu babu zagin da ya kai a ce maka mai tuna rami. Ƙwallon ya kwana cikin ƙasa watanni ya fitar da muruci, farin tsiron nan mai taushi. Idan ruwan farko ya sauka, murucin ya jefo ganye sama, ya yi tauri da ɗaci, ya kama hanyar zama itace. Sai bayan shekara ashirin da biyar ya fara 'ya'ya. Wanda ya binne ba ya ci. Kowa ya san haka, ba kuma wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Mai kula da wannan aiki ana ce mata Uwar Binne. A zamanin Barmo wata kurege ce mai suna Tabawa, ƙarama ko a cikin kuregu, mai bakin da ba ya jiran izini. Ba ta isa shiga inuwa ba, amma sarautarta ta ba ta damar tsayawa a bakin inuwar ta yi magana.

Wata shekara Burtu, mai shelar majalisa, ya dawo daga leƙen ƙauyen maharba da labari.

"Allah ya ja zamanin Sarki, albishir. Samarin ƙauyen nan duk sun tafi birni. Saura tsofaffi, suna zaune a gindin bango suna korar ƙuda. Bindigoginsu sun yi tsatsa. Mata biyu na gani suna haɗa ƙarfi kafin su ja guga ɗaya. Na yi kwana uku a kan rufin rumbu, ban ji kukan jariri ba."

Majalisa ta sa aka yi biki na kwana uku. Ba wanda ya tambayi abin da ke samun garin da aka daina jin kukan jariri a cikinsa.

Da maharba suka daina shigowa, tsofaffi suka daina mutuwa da wuri. Dattawa goma suka zama talatin, talatin suka zama ɗari da wani abu, har inuwar kuka ta yi musu kaɗan ana ture-ture. Kuma dukkansu ciwo ɗaya ke damunsu, baki. Giwa sau shida take canza haƙoran tauna a rayuwarta, idan na shidan suka cinye shi ke nan. Barmo yana kan na shida, sun zama sumul kamar dutsen bakin rafi. Ya tauna ɓawon itace ya tauna, ya zubo daga bakinsa yadda ya shiga. Giwayen zamanin da, idan suka kai nan, sukan sauka fadama su ci ciyawar ruwa har ajali ya zo. Barmo bai shirya sauka ba.

Nomau a lokacin shekararsa biyar, ba shi da furfura ko ɗaya. Akwai wani gawo da tsawa ta ƙone a bayan kuka, can yake zuwa kowace safiya ya yi birgima cikin toka har gezarsa ta yi fari, sannan ya shigo inuwa yana ɗingishi. 'Yan rana duk sun sani. 'Yan inuwa idanunsu sun yi rauni.

Wata rana ya je fadamar gabas, inda ba a taɓa sa hanci ba, ya tono muruci huɗu, ya ajiye a gaban Sarki.

"Ranka ya daɗe, ga wani ɗan abu na tsinta. Na ce wannan bai dace da bakin talaka ba."

Sarki ya ɗauki ɗaya ya sa a baka. Ya narke ba tare da wahala ba. Rabon da ya haɗiye abu haka tun bara.

"Daga ina, Nomau?"

"Daga ƙasarka, ranka ya daɗe. Abin da ke ƙarƙashinta naka ne, kamar yadda na samanta yake naka."

Barmo ya san inda ake samun muruci, ba yaro ba ne. Ya miƙa hanci ya ɗauki na biyu.

A zaman majalisa na gaba Nomau ya miƙe, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yadda gyado ke yi, ya yi magana.

"Allah ya ba Sarki nasara. Dattawan daji, iyayenmu, ni ne ƙaraminku, furfurata jiya-jiya ta fito. Amma ina da ido. Na ga Sarkin da ya buɗe mana hanyar gulbi a shekarar babban fari yana tauna ɓawo yana zubarwa. Na ga Baba Ɓauna yana lasar ciyawa kamar mai neman gafararta. Su wa suka tsare dajin nan har ya kawo yau? Ku. Su wa ke cin daɗinsa? Masu haƙori. Matashi ya tauna ƙaya ya ƙoshi, dattijo ya kwana da yunwa a tsakiyar abinci. Ga kuma abinci can a fadamar gabas, fari, mai taushi, wai an bar wa ƙasa. Ƙasa tana da ciki ne? Ƙasa ta taɓa zama a majalisa? Roƙona shi ne a yi doka, gajera, wadda ko mai yawan mantuwa zai riƙe: duk abin da ke da taushi a dajin nan na dattawa ne."

Inuwa ta ɗauki gurnanin yarda. Sai Tabawa ta matso bakin inuwar.

"Ranka ya daɗe, a ba ni baki."

"An ba ki, Uwar Binne," in ji Sarki. "Ki taƙaita, rana tana yi."

"Mu ai a cikinta muke, ranka ya daɗe. Ku ɗaga kai ku dubi giginyun nan. Wacce kuka shuka? Babu. Waɗanda suka binne su sun mutu ba su ɗanɗana ba. Kowane muruci da Nomau zai ajiye a gabanku giginya ce guda. Na tsayen nan sun tsufa kamar yadda kuka tsufa, bara kaɗai bakwai suka faɗi. Idan kun cinye na ƙasa, me zai tsaya a gurbin na sama?"

Baba Ɓauna, wanda ƙahonsa ɗaya ya karye tun zamanin maharba, ya ɗago kai.

"'Yar nan, shekara nawa giginya ke yi kafin ta yi 'ya'ya?"

"Ashirin da biyar, Baba."

"To wa zai kai a cikinmu?"

Dattawa suka yi dariya, dariyar dasashi.

"Jikokinku za su kai," in ji Tabawa.

"Jikoki suna da haƙori, Inna Tabawa," in ji Nomau. "Su ci ƙaya."

"Kai kuma, Nomau, furfurarka warin hayaƙi take yi."

'Yan rana suka kwashe da dariya. 'Yan inuwa ba su ji ba, kunnuwansu ma sun yi nauyi. Aka zartar da dokar, aka sa mata suna Dokar Taushi. Aka naɗa Nomau Sarkin Tono, sarautar da aka ce ta dattijo ce, aka kuma ba shi damar ɗanɗana duk abin da ya tono kafin ya kai majalisa, wai don kada a ba Sarki mai ɗaci. Aka umarci kuregu su ci gaba da binnewa kamar yadda suka saba. Mantuwarsu ba ta hana komai ba, tunda hancin Nomau yana tuna musu.

Shekara huɗu aka yi a haka. Fadamar gabas ta zama ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana. Da muruci ya kasa isar baki ɗari, aka faɗa wa tsiron kaɗanya da na ɗorawa da na tsamiya, duk abin da ya leƙo daga ƙasa da safe ba ya kai yamma. Wanda ya hango dajin daga nesa zai ce lafiya lau yake, kore shar. Wanda ya shiga zai ga babu itace ɗaya da bai fi giwa tsawo ba. Nomau ya yi ƙiba har cikinsa yana share ƙasa.

A shekara ta biyar Madaki Korau ya nemi magana. Fiƙarsa ɗaya ta karye, ɗayar tana girgiza, ya kwana biyu bai kama ko zomo ba. A bayansa tsofaffin kuraye shida suna zaune, haƙarƙarinsu a waje.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ni ba mai yawan magana ba ne. Na zauna a inuwar nan shekara huɗu ina kallon 'yan'uwana dattawa suna taunar abin da ba na ci. Ban yi ƙorafi ba. Yau ina tambaya ne kawai. Dokar cewa ta yi duk abin da ke da taushi. Ban ji ta ce tsiro ba. Ko kunnena ne?"

Kowa ya gane inda maganar ta dosa. Nan ne Sarki ya kamata ya buɗe baki, bai buɗe ba, ya dubi Nomau. Nomau kuwa ya san cewa zakin da ke jin yunwa a cikin inuwa haɗari ne ga mai ƙiba.

"Madaki ya yi gaskiya," in ji shi. "Doka ba ta da ɗan gida da bare. Ƙwai yana da taushi, abin da aka haifa bai yi kwana bakwai ba yana da taushi. Amma mu ba azzalumai ba ne. Ɗaya cikin biyu za a kawo, uwa ta riƙe ɗaya. Abin da aka haifa cikin rami kuwa wannan yana ƙarƙashin Sarkin Tono, ba a taɓa shi."

Gyado a rami yake haihuwa. Wannan ma 'yan rana sun lura.

Baba Ɓauna ya motsa. "Jikanyata fa? Tana da ciki."

"Sai ka zaɓa, Baba," in ji Nomau a hankali. "Dokar guda ɗaya ce. In an soke ta ga Madaki, an soke ta ga muruci."

Baba Ɓauna ya dubi ƙasa. Da aka zo ɗaga kai don amincewa, ya ɗaga.

Wadda aka fara yi wa barewa ce mai suna Kyauta. Ta haihu da safe a cikin gamba, kafin azahar Nomau ya iso da Burtu.

"Sarkin Tono, ɗaya ne fa," in ji ta. "Barewa ɗaya take haifa. Ɗaya cikin biyu kuka ce."

"Na bara yana ina?"

"Ga shi can yana kiwo."

"To kin riƙe ɗaya. Wannan shi ne na biyun."

Ita aka sa ta kora shi zuwa kuka, yana tafe yana faɗuwa don ƙafafunsa ba su yi ƙwari ba, yana tsayawa yana neman nono. Da aka gama, Burtu ya yi shela cewa majalisa tana yi wa Kyauta godiya bisa biyayyarta.

Daga wannan shekarar mata suka daina ɗaukar ciki. Masu ƙarfin iyo suka haye gulbi, masu fiffike suka tashi. Zabi suka kwashe, jimina ta tafi, jikanyar Baba Ɓauna ta haye da tsohon ciki, ruwa ya tafi da ita. Majalisa ta zauna kan lamarin, aka yi jawabai masu zafi a kan 'yan zamani da ba sa son wahalar haihuwa, ba sa kishin dajin da ya raine su. Aka sa Burtu ya zaga ya yi kira ga mata su tuna haƙƙin ƙasa a kansu. Ya zaga ya dawo, ya ce ya yi shelar amma bai ga wanda zai saurara ba sai tsofaffi.

A shekara ta bakwai giginyun da ke 'ya'ya ba su wuce sittin ba, su ma rabinsu sun sunkuya. Kuregu tara suka rage ban da Tabawa. Ta tara su ta ce wannan karon ba fadama za a kai rabon ƙasa duka ba. Suka ware ƙwallo arba'in, suka yi kwanaki suna gangara su zuwa tsaunukan arewa, suka cusa su cikin wani tsagin dutse mai jar ƙasa, wanda jikin gyado ba zai shiga ba. Da suka gama ta ce wa taran su haye gulbi kada su waiwayo.

"Ke fa, Inna?"

"Ni zan tsaya in yi abin kunya. Zan tuna rami."

Ta kuwa tuna. Takan je ta duba, ta ja ƙaya ta toshe bakin tsagin. Ƙwallo goma sha ɗaya suka fitar da muruci. Abin da take jira ɗaya ne, ruwan farko. Idan ya sauka suka jefo ganye suka yi tauri, sun fita daga bakin dattawa, sun kuma fita daga dokar.

A ranin nan fadamar gabas ba ta ba da abin kirki ba. Sarki Barmo ya zama fata da ƙashi, sai an jingina shi da kuka yake zama. Dattawa suka fara yi wa Nomau kallon da bai so ba. 'Ya'yansa da ya kare da dokar rami su ma sun haye gulbi da suka ga babu abin tono. Sai wata rana ya lura da ƙafafun Tabawa. Ƙasar fadama baƙa ce. Ƙafafunta jajaye ne.

Jar ƙasa tana ko'ina a tsaunukan arewa, kwana uku ba ka gama zaga su. Don haka ya kai ta majalisa.

"Ranka ya daɗe, ga wadda ta sa Sarki ya rame. Ta ɓoye haƙƙin dattawa a cikin duwatsu. Ta kuma ci amanar al'adarta, don Uwar Binne ce da kanta ta zama mai tuna rami. Ni na yi alkawari a gaban majalisa, kafin ruwan farko ya sauka zan ajiye murucin nan a gaban Sarki."

"Gaskiya ne, Tabawa?" in ji Sarki, muryarsa da ƙyar take fita.

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Goma sha ɗaya ne."

"Ina suke?"

"Suna inda za su girma."

"'Yar nan, yunwa muke ji," in ji Baba Ɓauna.

"Na sani, Baba. Goma sha ɗaya ba za su kai ku gobe da yamma ba, ku fiye da ɗari. Kun ci dubu kun tashi da yunwa. Kun ci ƙwai, kun ci ɗan Kyauta, kun ci ɗan jikanyarka tun yana ciki. Ku dubi rana, ku da kuke inuwa. Saura mu nawa muke sauraronku?"

Wasu suka duba. A filin da da ba a ganin ƙasarsa don yawan ƙafafu, dabbobi ba su fi ashirin ba, kuma babu ƙarami a cikinsu.

"Tana magana haka ne don tana da haƙori," in ji Nomau. "Ba ta san abin da dattijo ke ji ba. A sanar da ita. Idan ta rasa abin taunawa, yunwa za ta kai ta wurin abu mai taushi guda ɗaya da ta sani, mu kuma mu bi ta a baya."

Majalisa ta ga wannan dabara ce mai kyau. Aka kira wani tsohon bika, ya danne ta da hannu ɗaya, ya ɗauki dutse da ɗayan. Haƙoran gaba huɗu ne ga kurege, da su yake rayuwa. Aka fasa su har saiwa, aka sake ta.

Ba ta je ko'ina ba. Ta ja jiki zuwa bakin inuwa, daidai inda take tsayawa ta yi magana, ta kwanta. Nomau ya zauna kusa da ita yana jira. Kwana ɗaya, kwana biyu. A na huɗu ya fara lallashi.

"Inna Tabawa, ki tausaya wa kanki. Ki nuna min, in bar miki biyu. Wallahi biyu naki ne, ki tsotsa ki tashi."

Bakinta ya kumbura, maganar tana fita da ƙyar. "Kai ka ci su a hanya, ka ce ɗanɗanawa ka yi."

A kwana na shida ya yi barazana, ya ce zai miƙa ta ga kuraye.

"Miƙa ni. Ko loma ɗaya ban kai ba. Kai dai kana duba gabas kuwa, Nomau? Hadari yana haɗuwa."

Ya duba. Yana haɗuwa.

A kwana na tara da hantsi ta ɗago kai kaɗan. Nomau ya kawo kunnensa kusa, yana tsammanin ta sare.

"Na yi abin kunya wata shida," in ji ta. "Yau zan cika al'ada. Zan manta."

Ta mutu a wurin. Kuraye suka raba ta, ba ta kuwa kai loma ɗaya ba, yadda ta faɗa.

Nomau ya ruga tsaunukan arewa. Kwana uku yana tono, ya kwashe fatar hancinsa a kan duwatsu, ya bi ta gefen tsagin sau biyu bai sani ba, don ƙayar da ta ja ta rufe bakin kuma iska tana kaɗawa ta wani wajen. A safiya ta huɗu ya dawo kuka hannu wofi. Ko a hakan bai manta ya biya ta gindin gawo ya yi birgima ba.

Majalisa tana zaune, ba wanda ya ci komai tun shekaranjiya. Sama ta yi baƙi. Nomau ya durƙusa ya fara jawabi. Ya ce aikin yana gab da ƙarewa, ya gano tsaunin, saura tsagi biyu ko uku. Ya ce kurege ta yi wa wurin sihiri. Ya ce a ƙara masa kwana biyu. Yana cikin cewa kwana biyu ɗigon farko ya faɗo masa a goshi.

Kuka ba ta da ganye a ƙarshen rani, ba ta tare komai. Ruwan ya sauko da ƙarfi. Kowa ya san abin da ruwan farko ke yi wa muruci, don haka ba wanda ya sake tambayar kwana biyu. Suna dai kallon Nomau. Farin gezarsa yana gangarowa ta wuyansa, yana bin ƙafafunsa, yana taruwa a ƙasa kamar ruwan toka na miya. Ƙarƙashinsa gashi ne baƙi wuluk. Wannan ko mai raunin ido ya gani.

"Sarkin Tono," in ji Korau, "furfurarka tana zuba."

"Madaki, ranka ya daɗe, wahalar tsauni ce ta..."

"Buɗe bakinka."

Kuraye biyu suka matso, ya buɗe. Haƙoransa cif, ko ɗaya bai girgiza ba.

Korau ya miƙe a hankali, ya zagaya shi, ya ɗora ƙafa a kan cikinsa ya danna. Ƙafar ta nutse cikin kitsen shekara bakwai na ɗanɗano.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji Korau. "Na faɗa ni ba mai yawan magana ba ne. Wannan ba dattijo ba ne, ba shi da furfura, ba shi da giɓi. Kuma na zaga dajin nan kaf a watan nan, ban taɓa abin da ya kai shi taushi ba."

"An haife ni a rami!" in ji Nomau. "Abin da aka haifa a rami yana ƙarƙashin Sarkin Tono, majalisa ce ta yarda!"

"Sarautar dattijo ce," in ji Baba Ɓauna, bai ko ɗago kai ba. "Babu kowa a kanta yanzu."

Nomau ya ja gwiwa zuwa gaban Sarki. "Ranka ya daɗe, ni ne fa. Shekara bakwai ina ciyar da kai. Wa ya tuna da bakinka lokacin da kowa ya manta?"

Barmo ya buɗe ido ɗaya. "Ka kawo murucin?"

"A'a, ranka ya daɗe, amma..."

"Dokar gajera ce," in ji Sarki. "Kai ka ce a yi ta gajera." Ya mayar da idonsa ya rufe.

A can tsaunin arewa ruwan ya shiga tsagin, giginya goma sha ɗaya suka jefo ganye. Suna nan har yau, dogaye. 'Ya'yansu suna faɗuwa suna ruɓewa a gindinsu, don babu giwar da za ta ci, babu kuregen da zai binne. Sarki Barmo bai ga ƙarshen daminar ba. Majalisar Furfura ta ci gaba da zama tana raguwa, har ranar da Burtu ya yi shelar buɗe taro ya ga shi kaɗai ne a ƙarƙashin kuka.

Nomau kuwa a ranar aka zartar masa da dokarsa, a bakin inuwa, daidai inda Tabawa ta kwanta. Zaki ɗaya ne da kuraye shida, kuma babu mai cikakken haƙori a cikinsu. Sun fara da hantsi. Bai mutu ba sai bayan la'asar.